Korau, Ɗan Kokawar 'Yandoto da Ya Ci Sarautar Katsina

Wanda ya tashi daga Funtua ya kama hanyar Gusau, in ya wuce Sheme da Yankara ya shiga Tsafe, to ya taka ƙasar 'Yandoto. Yau yankin yana cikin Jihar Zamfara, kuma in an ambace shi a rediyo galibi maganar 'yan bindiga ce. Amma shekaru aru-aru 'Yandoto gari ne na malamai da fatake, kuma daga can ne masu ba da tarihin Katsina suka ce Muhammadu Korau ya fito, mutumin da ya kafa gidan sarautar da ya riƙe ƙasar nan fiye da shekara 300. Har gobe fadar Sarkin Katsina Gidan Korau ake ce mata. Zuriyarsa ta bar gidan sama da shekara 200 ke nan, Dallazawa sun zauna a ciki, Sulluɓawa sun gaje su, babu wanda ya taɓa sunan.

Mu mutanen kudu, na Maska da Funtua da Malumfashi, mun saba ɗaukar tarihin Birni kamar labarin wasu can a arewa. Ga shi kuwa wanda ya kafa sarautar Birnin daga wajenmu ya bi ya hau.

A kan lokacin da ya yi sarauta an sha ja-in-ja. Palmer, Baturen mulkin da ya tattara jerin sarakunan Katsina, ya ajiye shi a ƙarni na 14. Daga baya Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, suka matso da shi zuwa wajen 1445 zuwa 1495, kuma hujjarsu ta fi tsayawa. Sarkin da ya gaji Korau shi ne Ibrahim Sura, Ibrahim ɗin nan kuwa Shehu Jalaluddin Suyuɗi na Alƙahira ya aiko masa da wasiƙa, Suyuɗi kuma a 1505 ya rasu. Sarkin da magajinsa ya karanta wasiƙar Suyuɗi ba zai zama na ƙarni na 14 ba. Wannan lissafi shi ya sa Korau ya zama tsaran Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da Muhammadu Rabbo na Zazzau.

Kafin Korau sarauta ba a Birnin Katsina take ba. Tana Durɓi ta Kusheyi, wajen kilomita 30 gabas da Birni, cikin ƙasar Mani ta yanzu. Sarakunan wurin su ake kira Durɓawa, kuma jerin sunayensu ya fara da Kumayau, jikan Bayajidda a labarin Hausa Bakwai, ya bi ta kan Ramba-Ramba da Bataretare da Jarnanata, ya tsaya a kan Sanau. Akwai tuddai a wurin waɗanda mutanen gari suka daɗe suna cewa kaburburan sarakuna ne. Palmer ya haƙa wasu a 1907, sa'an nan a 1992 masana daga Jamus tare da hukumar adana kayan tarihi ta Najeriya suka haƙa wasu, aka kai kayan birnin Mainz aka yi shekaru ana gyara su ana nazari. Abin da ya fito daga ƙasa ya kori tunanin cewa Durɓawa wasu ƙauyawa ne da ba su san duniya ba: tasoshin tagulla ƙirar ƙasashen Musulmi na gabas, warwaron hauren giwa, duwatsun ado, wuri wanda daga tekun Indiya yake zuwa, har da kayan adon zinariya. Ashe tun kafin Korau hanyar fatauci ta riga ta iso ƙasar nan, kuma akwai masu cin ribarta.

Yadda sarauta ta fita daga hannunsu kuwa, kusan kowane Bakatsine ya ji shi a bakin kakarsa. Sanau gwanin kokawa ne, bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Al'adar gari kuma ita ce sarki ya fito fili a lokacin da aka tsayar, ya kama da duk wanda ya ji zai iya, a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada, wurin da ake girmamawa saboda iskokin da ke cikinsa. Ƙarfin Sanau ba a damtse kaɗai yake ba, yana da asiri da yake ɗaurawa a ƙugu in zai shiga fage. Korau baƙo ne, shi ma ɗan kokawa, ya zo daga 'Yandoto ya yi abota da sarki har ya san shiga da fitar gidan. Ta hannun matar Sanau ya sami kan abin. Ranar kamawa aka taru, makaɗa suka ɗauki kiɗa, sarki ya fito yana taƙama da gurun da ya saba, bai san an riga an raba shi da abin da ke ciki ba. Suka haɗa ƙirji, Korau ya ɗaga shi ya nana da ƙasa a gindin tsamiyar, kafin taro ya farfaɗo ya zare gajeren takobi ya yanka shi. Takobin shi ne Gajere, yana nan cikin kayan sarautar Katsina har yau, da rubutun Larabci a jikin ruwansa. Wani masani, Bivar, ya yi bayaninsa a littafin da ya fitar a 1964 a kan tsofaffin makaman sarakunan Najeriya.

Labari ne mai daɗin ji, kuma kamar sauran irinsa ya ɗora wa mace laifin faɗuwar namiji, abin da masu ba da labarin fada ba su gajiya da shi. Amma ba a ƙwace ƙasa da kaye ɗaya. Baƙon da ya yanka sarki a tsakiyar jama'arsa, in ba shi da mutane a bayansa, ko ƙofar gari ba zai kai ba. Ni abin da nake gani a cikin labarin shi ne hoton wata rigima da ta daɗe tana tsima: tsohon gida mai riƙe da tsafi da kaburburan kakanni a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sababbin mutane masu dukiya da alƙalami waɗanda suka yi yawa har suka fi ƙarfin zama baƙi. Matar Sanau ma, in an lura, tana nuna cewa daga cikin gida aka buɗe wa Korau ƙofa.

Su wane ne sababbin mutanen? Littafin Tarihin Kano ya ba mu haske, don ya faɗi abin da ke gudana a daidai shekarun. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, Asbinawa suka sauko Gobir gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina, Barebari suka zo da yawa, Larabawa kuma suka zauna, wasu a Kano wasu a Katsina. Waɗanda suka riƙe hanyar Gwanja su ne Wangarawa, fataken Mali masu zinariya da goro, Musulmi tun da daɗewa, waɗanda duk inda suka sauke kaya sai sun kafa masallaci da makarantar allo. 'Yandoto na cikin zangonsu, shi ya sa masana da dama suke ɗaukar Korau a matsayin Bawangare, ko kuma wanda Wangarawa suka tsaya wa.

Aikin da ya yi na gaske bai shiga tatsuniya ba, don ba shi da armashin kokawa. Ya ɗauke sarauta daga Durɓi ya dasa ta inda Birnin Katsina yake yanzu, a mahaɗar hanyar Agadas ta arewa da hanyar yamma mai zuwa Gawo da Gwanja, ya tara ƙauyukan da ke warwatse a wurin ƙarƙashin gida ɗaya. Sa'an nan bai share Durɓawa ba. Durɓi ya zama babban basarake a sabuwar fada, yana cikin masu zaɓen sarki, kuma har yau haka abin yake: Durɓi a Mani, Ƙaura a Rimi, 'Yandaka a Dutsin-Ma, Galadima a nan Malumfashi. Ɗaya daga cikin kaburburan Durɓi mafi dukiya ma masu nazari sun ajiye shi a ƙarshen ƙarni na 15 ko cikin na 16, wato ana ci gaba da bizne manya a can da zinariyarsu alhali Korau ko magadansa suna zaune a Birni. Ya yi abin da manomin kirki ke yi in ya sayi tsohuwar gona: bai tumɓuke gawo da ɗorawar da ya tarar ba, ya yi shukarsa a tsakaninsu.

A daidai wannan lokaci, a can ƙarshen yammacin Turai, akwai wani sarki da idonsa ke kan zinariyar da Wangarawa ke fatauci. Juwau na Biyu ya hau gadon Fotugal a 1481 yana ɗan shekara 26, ya tarar da manyan hakimai sun fi ƙarfin fada. Shi bai yi irin sassaucin Korau ba. A 1483 ya sa aka fille kan basaraken Baraganza, wanda ya fi kowa ƙasa da dukiya a Fotugal, a bainar jama'a a garin Ebora. Shekara na zagayowa ya kira basaraken Bizeyu, yayan matarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ya soke shi da wuƙa da hannunsa. Daga nan babu wanda ya sake ɗaga masa kai.

Tun a watan Janairu na 1482 ya riga ya aika da jiragen ruwa ƙarƙashin Diyogo da Azambuja, da sojoji da magina wajen 600, suka gina ganuwar Elmina a gaɓar tekun Gana ta yau. Manufar a fili take: zinariyar ƙasar Akan da ke bin arewa a kan jakuna zuwa Jenne da Tumbutu, ta haye Sahara a kan raƙuma ta faɗa hannun Musulmin Magrib, a juyo da ita kudu ta shiga jirgi. Rubuce-rubucen Fotugal na lokacin sun ambaci fataken Mandinka cikin masu saukowa Elmina ciniki. Dangin Wangarawan da ke sauke kaya a Katsina ke nan. Juwau bai tsaya a bakin ruwa ba. A wajen 1487 ya buɗe gidan ciniki a Wadan cikin hamadar Muritaniya, ya tura manzanni wurin Sarkin Mali da Tumbutu, mutanensa suka shiga fadar Sarkin Binin, Bartolomiyu Diyas kuma ya kewaye ƙarshen kudancin Afirka a 1488. Ya ƙara wa kansa laƙabin ubangijin Gini. Duk da haka ƙafarsa ba ta zo ko kusa da ƙasar Hausa ba, kuma hanyar Sahara ba ta mutu ba. Katsina ma sai bayan haka ta yi tashenta, har ta zama babbar kasuwar ayarin Arewa a ƙarni na 17 da na 18.

Akwai hajar da sarakunan biyu suka yi tarayya a kanta wadda ba a son ambata a wajen yabo. Mutanen Juwau suna sayen bayi a Binin su sayar wa fataken Akan a Elmina a biya su da zinariya, don masu haƙar zinariya da masu ɗaukar kaya suna bukatar hannu. A nan gida kuma Tarihin Kano ya ba da labarin Galadima Dauda, wanda a zamanin Burja yake kai hari kudu yana aiko wa sarki bayi 1,000 duk wata biyu. Biranen da muke alfahari da su, da ganuwarsu da kasuwanninsu, akwai gumin irin waɗannan mutane a cikin tubalinsu, kuma Katsina ba ta fita daban ba.

Bambancin da ya fi fitowa shi ne na takarda. Juwau yana da marubutan fada biyu, Ruwi da Fina da kuma Garsiya da Rezende, suka rubuta tarihinsa dalla-dalla. An san ɗansa tilo na aure, Afonso, ya faɗo daga doki ya mutu a 1491. An san shi kansa ya mutu ranar 25 ga Oktoba, 1495, a garin Albor, yana da shekara 40, gadon kuma ya koma hannun Manuwel, ƙanin basaraken da ya soke. Korau ya bar duniya kusan a shekara ɗaya da shi, abin da ya bari kuwa gida ne da takobi da suna a jerin sarakuna, sauran sai a bakin maroƙa da tsofaffi.

Ana kiran Korau sarkin Katsina na farko Musulmi, kuma sunan Muhammadu da ya shiga jerin sarakuna daga kansa yana goyon bayan haka. A ƙarshen zamaninsa ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili ya iso ƙasar Hausa. Mutumin Tilimsan ne, ya baro Tuwat wajen 1492 bayan tarzomar da ya tayar wa Yahudawan wurin, shekarar da Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi. Ya bi ta Asbin ya zo Kano, ya rubuta wa Rumfa littafi a kan wajiban sarakuna, ya zauna Katsina ya karantar, daga nan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Katsinawa suna danganta masallacin Gobarau da wannan zamani, suna cewa nan ne Magili ya yi karatu da almajirai. Hasumiyar da ke tsaye yanzu an sha gyara ta, amma wurin ya daɗe yana matsayin cibiyar ilimi ta gari.

Kada dai a ɗauka an wayi gari Katsina ta musulunta. Sarkin da ya karɓi mulki a gindin Bawada bai isa ya juya wa Bawada baya ba, talakawansa manoma da maharba da maƙera suna nan kan al'adarsu. Wasiƙar Suyuɗi ma shaida ce. Ya rubuta ta zuwa ga sarakunan ƙasar Takruru, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan da Ibrahim na Katsina da suna, yana yi musu gargaɗi a kan adalci, yana kuma kokawa da labarin da ya ji cewa a Gobir akwai masu yanka bawa in sun yi rashin lafiya, wai fansar ransu. Malami a Alƙahira ya san sunan Sarkin Katsina, ya kuma san abin da ake yi a maƙwabtansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda Korau ya kai garin cikin shekara 50. Zaman fada da ƙafa ɗaya a masallaci ɗaya a gindin tsamiya kuwa ya ci gaba, kuma shi ne babban zargin da masu jihadi suka riƙe bayan shekara 300.

Da Kano kuwa tun a lokacin aka fara. Tarihin Kano ya ce a zamanin Rumfa aka yi yaƙin farko tsakanin garuruwan biyu, aka shekara 11 babu wanda ya ci wani. Birane biyu ne masu tasowa a kan hanya ɗaya, kowanne yana so ayari ya sauka a ƙofarsa, kuma sun ci gaba da gwabzawa lokaci bayan lokaci har tsakiyar ƙarni na 17.

To ina mu a cikin wannan? A nan ne ya kamata a rage wa Korau kaya. Ƙasar da ya mallaka ba ta kai girman masarautar Katsina ta yau ba. Kudu, wadda ake kira Katsina Laka saboda ƙasarta mai danƙo da ruwan sama mai yawa, tana da garuruwanta masu ganuwa da sarakunansu: Maska a bakin iyakar Zazzau, Gozaki a ƙasar Ƙafur ta yanzu, Kogo wajen Faskari. Shigarsu ƙarƙashin Birni aikin magadansa ne, a hankali, wani da yaƙi wani da sulhu. Dalilin kwaɗayin ba ɓoyayye ba ne. Jigawar arewa gero take bayarwa, laka kuwa tana ba da dawa da auduga da baba da rake, birnin da ya cika da fatake da almajirai kuma ba ya ƙoshi da gonakin bayan ganuwa. Bala Usman ya nuna yadda Maska da Gozaki suka zama manyan wuraren saƙa da rini a ƙarni na 18, baƙi suna ta kwararowa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarar da aka bi, don ita ce dai wadda aka yi wa Durɓi: a bar wa mai gari sarautarsa da tamburansa, ya kai gaisuwa, ya ba da mayaƙa in an nema. Shi ya sa sarautar Sarkin Maska ta rayu ta wuce Haɓe, ta wuce jihadi, har Turawa suka zo mazauninta ya koma Funtua.

Ibrahim Sura bai daɗe ba. Bayansa Ali Murabus, wanda ya yi mulki daga wajen 1498 zuwa 1524, shi ake ba ginin babbar ganuwar Birni, kuma a zamaninsa ne, wajen 1513, Askiya ya kawo wa Katsina yaƙi daga Songai. Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, a littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya kwatanta ƙasar Katsina da tarin ƙauyuka masu bukkoki, abin da ke nuna Birni bai gama cika ba tukuna. Amma malamai sun ci gaba da zuwa. Ɗan Takum, wanda ya yi karatu a Tumbutu da Alƙahira, ya zama alƙalin Katsina ya rasu a nan wajen 1529. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya shigo a 1851 ya auna kewayen ganuwar ya sami mil 13 zuwa 14, ko da yake ya tarar da yawancin cikinta kango ne.

Kangon kuwa jihadi ya bar shi. A wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto bayan malamanta sun ƙi bin Shehun jihadi, a 1807 kuma Birni ya faɗa hannun Ummarun Dallaje da abokan tutarsa. Sarkin Haɓe Magajin Haladu ya mutu a Ɗankama, sauran 'yan gidan suka yi arewa, suka fake a Damagaram, daga baya Ɗankasawa ya kafa su a Maraɗi wajen 1819. Ba su taɓa yarda sun rasa sarautar ba, har yau mai Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Ƙarni na 19 kusan gaba ɗaya jikokin Korau sun yi shi ne a kan doki, suna kawo hari ƙasar da kakansu ya haɗa, musamman a zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, har garuruwa da dama na yammacin Katsina suka watse mutanensu suka nemi mafaka a bayan ganuwa.